Dawo da lanƙwasar gwiwa bayan aikin sauya ta: jagora ga marar lafiya da mai jinya

Ranar da Umma ta cika mako uku da aikin sauya gwiwa, likitar gashi, wato ƙwararriyar motsa gaɓoɓi, ta zo gidanmu a Unguwar Dosa a Kaduna. Ta fito da wani ma'auni na roba, kamar rula biyu da aka haɗa bakinsu da ƙusa, ta ɗora a gefen gwiwar, ta ce, "Hajiya, janyo ƙafar iya ƙarfinki." Umma ta janyo tana cije leɓe. Likitar ta duba lamba, ta ce digiri 65. Sai ta juyo gare ni: "Ke ce mai jinya?" Na ce ni ce. Ta ce, "Kin kula da ita, Allah ya yi miki albarka. Amma hutun da kike ba gwiwar nan shi ke neman ƙage ta."

Gaskiya ta faɗa. Duk abin da muka sani na jinya mun yi: farfesu, filo mai laushi a ƙarƙashin gwiwa, ruwan alwala har bakin gado, da "kada ki motsa, Umma, bari in miƙo miki." An sallamo mu daga asibitin da aka yi aikin da takarda ɗaya ta Turanci mai ƙananan zane-zane, ba wanda ya zaunar da mu ya ce akwai wani lokaci da idan ya wuce wahalar za ta ninka. Abin ya daɗe yana ci min rai, shi ya sa na rubuta abin da muka koya daga baya, daga bakin likitoci da kuma wata huɗu da na yi ina riƙe da wannan ƙafa. Sharaɗi ɗaya tun farko: idan likitan da ya yi aikin ya ba da umarnin da ya saɓa da abin da ke nan, nasa za a bi, don shi ya ga cikin gwiwar.

Me ke hana gwiwar naɗewa

A wannan aiki ana share bakin ƙasusuwan da suka cinye, a sa musu hular ƙarfe, a sanya wata roba mai tauri a tsakani ta maye gurbin guringuntsin da ya ƙare. Ƙarfen ba ya ƙin lanƙwasa. Tun mutum yana kan gadon tiyata likita ke naɗe ƙafar ya miƙar da ita, ya tabbatar tana tafiya, kafin ya ɗinke. Abin da ke ƙagewa shi ne naman da ke kewaye. Jiki yana warkar da yanka ne da tabo, kuma tabon ba a fata kaɗai yake ba, har ciki yake fita. A makonnin farko yana da taushi kamar danƙo, duk inda aka ja shi zai bi. Idan aka bar shi ba motsi, sai ya manne nama da nama ya yi tauri a haka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen gwiwa bai wuce mako 6 zuwa 12 na farko ba. Ana ƙara samun ci gaba bayan nan, har shekara ma, amma kaɗan-kaɗan.

Da digiri ake auna lanƙwasa. Ƙafa a miƙe sambal ita ce 0. Idan ka zauna a kujera, dundunya tana daidai ƙarƙashin gwiwa kamar kusurwar bango, wannan 90 ke nan. Tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri tana buƙatar kusan 65, tashi daga kujera da hawa bene kusan 90, saukowa daga bene kusan 100, juya fedar keke kusan 110. Lafiyayyar gwiwa tana kai 135 ko fiye. Yawancin waɗanda aka sauya wa gwiwa suna tsayawa tsakanin 110 da 125, kuma wanda gwiwarsa ta daɗe a ƙage kafin aiki ba kasafai yake kai na wanda aka yi wa da wuri ba. Abin da likitoci suka fi nema shi ne 90 cikin kamar mako biyu, sai 110 ko kusa da haka a mako na shida.

Kafin a taɓa ƙafar: ciwo da kumburi

Gwiwar da ta cika da ruwa ba ta naɗuwa, kamar yadda ba ka iya ninke ledar ruwa tana cike. Don haka aikin farko shi ne rage kumburi. A kwanta, a jera matasai daga sha-raɓa zuwa dundunya har ƙafar ta fi ƙirji tsawo, a ɗora ƙanƙara minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana, musamman bayan motsa jiki. Ledar fiyawata da ta daskare ta wadatar. A naɗe ta cikin tawul mai tsabta, kada ta taɓa fata kai tsaye, kada kuma ruwa ya jiƙa ɗinki. Da yake wuta ba ta da tabbas, mu kular ƙanƙara muka ajiye a ɗakin, kullum da safe yaro ya sayo ƙanƙara a zuba.

A nan sunan "gashi" yake ruɗar mutane. Da aka ce mana Umma tana buƙatar gashi, ƙanwarta har ta ɗora ruwa a wuta ta kawo tsumma. Kada a yi. Zafi yana ƙara kumburi a makonnin farko, sannan fatar da ke gefen waje na ɗinkin takan mutu, ba ta jin zafi sosai, mutum zai iya ƙonewa bai sani ba. Man zafi ma a nisanta shi daga ɗinki.

Sai magani. A sha maganin ciwon da likita ya rubuta kamar rabin awa kafin a fara motsa ƙafar. Da yawan iyayenmu suna ganin juriya ita ce a ƙi shan magani, alhali wanda ciwo ya kama ba zai bari a lanƙwasa masa ƙafa ba. Amma kada a je kemis a haɗo nasu. Irin su diclofenac da ibuprofen suna iya cutar da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda, kuma ba su jituwa da maganin tsinka jini da ake bayarwa bayan wannan aiki. Mai ciwon suga kuma ya tsare sugansa, don hawansa yana jinkirta warkewa.

Miƙewa tana gaba da naɗewa

Wannan ne kuskurenmu mafi girma. Filo a ƙarƙashin gwiwa yana da daɗi, amma yana koya mata zama a ɗan lanƙwashe, kuma gwiwar da ba ta miƙe sambal ba ita ke kawo ɗingishi na dindindin. Dawo da miƙewar da ta ɓace ya fi dawo da naɗewa wuya. A cire filon. A naɗe tawul a sa ƙarƙashin dundunya, gwiwar tana lilo ba abin da ya tare ta, yatsu suna kallon rufi, a bar nauyin ƙafar ya ja ta ƙasa na minti biyar zuwa goma. Bayan gwiwa zai yi ja, haka ake so. Ana cikin haka sai a matse naman cinya kamar za a danna bayan gwiwar cikin katifa, a riƙe daƙiƙa biyar, a saki, sau goma. A riƙa kuma kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa duk awa idan ana farke, yana kora jini.

Makonni biyu na farko

Motsi biyu ne ginshiƙi a nan, kuma ba wanda yake buƙatar na'ura.

Na farko a kwance ake yi, rigingine. A sa ledar shago ƙarƙashin dundunya don ta yi santsi a kan zanen gado. A ɗauko tsohon mayafi ko rawani, a zagaya shi a tafin ƙafa, marar lafiya ya riƙe bakin biyu da hannunsa. Ya janyo dundunya wajen mazaunai a hankali da ƙarfin ƙafar, idan ta tsaya sai ya ƙara da mayafin har ya ji ja sosai a gaban gwiwa. Ya tsaya a nan daƙiƙa goma yana numfashi, kada ya riƙe numfashinsa, sannan ya mayar har ta miƙe gaba ɗaya. Sau goma. Amfanin mayafin shi ne linzami yana hannun mai ciwon. Lokacin da nake tura ƙafar da hannuna, Umma takan ƙanƙame jiki ta ce, "Ke 'yar nan, karya ni za ki yi?" Da muka ba ta mayafi, ita da kanta ta riƙa wuce inda nake tsayawa.

Na biyu a kujera. A samu kujera mai tauri, mai hannu, wadda ba ta yi ƙasa ba; kujerun falo masu nutsewa ba su dace ba. A zauna, leda a ƙarƙashin ƙafa, a zamo da ita baya a kan tayil ko siminti iya inda za ta je. Sai a ɗora lafiyayyar ƙafar a gaban idon sawun mai ciwon, a tura ta baya kaɗan. Idan an saba, ga dabarar da ta fi ci mana: a kafe tafin ƙafar a ƙasa inda ta tsaya, kada ta motsa, sai mutum ya dafa hannun kujera ya matso da mazaunansa gaba. Gwiwar za ta ƙara naɗewa da nauyin jiki. A riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, a koma baya, sau biyar zuwa goma. Mai jinya ya lura da abu ɗaya: idan mutum yana ɗaga ƙugun gefen mai ciwo daga kujera, gudun ja yake yi, a ce ya daidaita zama.

Kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi a tara a yi sau ɗaya har a galabaita. Mun ɗaura namu da lokutan salla don kada a manta: bayan asuba, bayan azahar, bayan la'asar, bayan isha'i, kowanne kamar minti 15, ƙanƙara ta biyo baya. Tsakaninsu kuma a tashi a ɗan taka da abin dogarawa mai ƙafa huɗu, ko daga ɗaki zuwa tsakar gida ne. Tafiya tana da amfani, amma ba ta maye gurbin waɗannan motsin, tunda ba ta neman fiye da digiri 65. Akwai masu yawo da ƙafarsu lafiya lau a mako na huɗu, gwiwar kuwa ta ƙage ba su sani ba.

A riƙa aunawa. Ido yana yaudara, ciwo kuma yana sa mutum ya ga kamar ba ya ci gaba. Mu alli muka samu. Kujera ɗaya, wuri ɗaya, bayan Umma a jingine, sai in ja layi a siminti daidai bakin babban yatsanta. Duk Juma'a sabon layi. Ranar da ta ga layuka uku a jere, kowanne ya ja baya da faɗin yatsa biyu, ta daina cewa wahalar banza muke ba ta. Hoto da waya daga gefe ma yana yi.

Wane ciwo ne na aiki, wane ne na ɓarna

Ja, ɗaurewa, da zafin da ke lafawa cikin awa ɗaya ko biyu bayan an gama, duk na aiki ne. Ciwo mai suka kamar wuƙa, ko wanda ya hana barci ya kwana ya wuni, ko kumburin da ya fi na jiya har lanƙwasar ta ragu, alama ce an wuce gona da iri. Ba dainawa za a yi ba: a rage ƙarfi na kwana ɗaya, a ƙara ƙanƙara da ɗaga ƙafa, a ci gaba. Ƙarar ƙas-ƙas da ake ji ƙarfe ne da roba ke haɗuwa, idan ba ciwo ba komai. Ɗumin gwiwa da ɗan kumburi kuwa suna iya kai watanni.

Daga mako na uku zuwa wata uku

Ana cire zare ko ƙusoshin ɗinki wajen kwana 10 zuwa 14. Idan wurin ya rufe ya bushe sarai, ba ɓawo ba ruwa, sai a fara murza tabon da yatsa da ɗan man kaɗanya, a kewaye da kuma a gicciye, minti biyar, don fata ta saki naman da ke ƙasa. Haka ƙoƙon gwiwa: ƙafa a miƙe a sake, a kama shi da yatsu a tura sama, ƙasa, dama, hagu a hankali. Idan ƙoƙon bai zamewa, gwiwa ba ta naɗuwa. A bari likitan gashi ya nuna wannan da hannunsa karo na farko.

Yanzu za a ƙara nauyi. A tsaya gaban dakali ko matakalar farko ta bene, a dafa bango, a ɗora ƙafar mai ciwo a kai, a karkato jiki gaba har gwiwar ta naɗe, dundunya ba ta ɗaga ba. Daƙiƙa 30, sau biyar. Wanda zai iya kwanciya rub da ciki, a ɗaura mayafi a idon sawu, ya janyo ta kan kafaɗa. Wannan yana jan naman cinya na gaba wanda shi ma yake riƙe gwiwar.

Keken motsa jiki na tsaye ya fi komai taimakon Umma a wannan mataki. A ɗaga sirdin sama. Da farko fedar ba za ta zagaya ba, kada a tilasta: a riƙa lilo da ita gaba da baya kamar rabin da'ira, minti biyar zuwa goma. Yawanci ta baya take fara zagayawa. Idan ta zagaya cikin sauƙi, a sauke sirdin kaɗan, lanƙwasar za ta ƙaru. Ba dole a saya ba, sassan gashi na asibitoci suna da shi.

Kada a manta da ƙarfin cinya. A kwance, a matse cinya, a ɗaga ƙafar a miƙe kamar taƙi ɗaya daga katifa, a sauke a hankali. Sai tashi da zama daga kujera sau goma, ana rage dogaro da hannu. A bene, lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka.

Duk wannan ba ya hana ganin ƙwararre. A Kaduna akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44, akwai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Masu zuwa Indiya ko Masar a yi musu aikin su nemi likitan gashi tun kafin su tafi, su kuma dawo da rahoton aikin a rubuce, don makonnin da ake ɓatawa wajen neman wanda zai ci gaba su ne mafi tsada. Wanda zai riƙa zuwa gida, a tambaye shi lasisinsa. Ba duk mai tausa ne likitan gashi ba.

Salla, banɗaki da 'yan dubiya

Tambayar farko da Umma ta yi bayan ta farfaɗo ita ce yaushe za ta yi sujada. Zaman tahiyya da cikakken tsuguno suna neman digiri 150 ko kusa, abin da yawancin gwiwoyin ƙarfe ba sa kaiwa. Gara a faɗa wa mutum wannan da wuri cikin lallashi, da ya je ya tilasta wa kansa a ɓoye. Addini ya yi sauƙi: hadisin Imrana ɗan Husaini ya ce a yi salla a tsaye, idan ba a iya ba a zaune. Wanda zai iya tsayuwa da ruku'u ya yi su, ya zauna a kujera ya yi nuni wajen sujada. Wasu suna komawa durƙuso bayan watanni a kan shimfiɗa mai kauri, amma sai likitan da ya yi aikin ya amince.

Masai na tsuguno ba zai yiwu ba. A tanadi na zama tun kafin a dawo gida, ko kujerar bayan gida da ake ɗorawa a kan ramin; maƙeran Fanteka suna iya haɗa ta, a dai ce su yi ta da tsawo da hannuwa, a sa roba a ƙafafunta. Alwala a zaune kan kujera, da buta da roba. A kwashe tabarmi da ƙananan dadduma daga hanya, a goge ruwa a tayil. Kujera 'yar tsuguno a ɓoye ta. Zuwa asibiti kuma a gaban mota, kujerar a ture ta baya; ƙofar keke napep da girgizarsa ba na sabuwar gwiwa ba ne.

'Yan dubiya alheri ne, amma suna iya cinye yini guda mutum yana zaune ƙafa a sauke tana kumbura. Kuma kowa da maganinsa. Wata ta kawo mana lambar mai ɗori, wani ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho a zuƙe "mataccen jini". Mai ɗori karaya ya sani, nan kuwa ba karaya. Tsaga ko ƙaho kusa da gwiwar ƙarfe ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma idan suka kama ƙarfen, sau da yawa sai an sake buɗewa an cire shi. A yi godiya, a ce likita ya hana. Idan lokacin motsa ƙafa ya yi, mai jinya ya cire kunya ya ce, "Ku yi haƙuri, Hajiya za ta shiga ciki."

Abin da ba a jira da shi

Idan sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri tana zafi, ana tsoron gudan jini ne, a tafi asibiti ranar, kuma kada a yi mata tausa. Idan numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya kama ciwo farat ɗaya, ko tsakar dare ne a fita. Haka zazzaɓi tare da ɗinki mai ja, mai ruwa ko mugunya. Kada a ce maleriya ce a sha magani a kwanta. Faɗuwa, ko ƙafar ta kasa ɗaukar nauyi bayan tana ɗauka, su ma na likita ne.

Idan an yi duk wannan ta ƙi

Wani jikin yana yin tabo fiye da kima, ba laifin kowa ba. Idan mako shida ya cika ba a kai digiri 90 ba, ko layin alli ya tsaya wuri ɗaya mako biyu a jere, a koma wurin likitan ƙashi ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba. Akwai abin da suke yi: a sa mutum barci, likita ya lanƙwasa gwiwar da hannu har tabon ciki ya saki, ba yanka. Ya fi aiki idan an yi shi cikin wata uku na farko, kuma washegari ake komawa motsa ƙafa da ƙarfi, in ba haka ba ta sake mannewa. A tafi da lambobin da aka auna da ranakunsu, su ne za su nuna wa likita ko gwiwar tana tafiya ko ta tsaya.

Umma ta tsallake wannan da ƙyar. Ta kai 90 a mako na shida, 105 a wata na uku, ta tsaya a 115. Tana hawa bene, tana shiga mota da kanta, tana salla a kujerarta ta roba. Da sanyin hunturu gwiwar takan ɗaure da safe, don haka har yanzu mayafin yana rataye a kan gadonta, tana ja sau goma kafin ta sauko.